Juya da Wabi a Ƙasar Gobir: Tarihin Rashin Haihuwa da Ciwon Rai

A ƙasar Gobir, daga Isa zuwa Sabon Birni har a tsallaka iyaka a kai Tsibiri da Maradi, matar da ba ta taɓa ɗaukar ciki ba ana ce mata juya ko bakarariya. Wadda take haihuwa 'ya'yan suna komawa tun suna goye, ita ce mai wabi. Akwai ta uku da ba a raɗa mata suna ba, wato wadda ta haifi ɗaya ko biyu sai haihuwar ta tsaya mata cak tana da sauran ƙuruciya. A wajen likita larurori uku ne, kowace da sanadinta. A wajen mutanen gari kuwa duk ɗaki ɗaya suke kwana, domin abin da ake dubawa shi ne ko akwai yaro a tsakar gida. Namijin da ba ya haihuwa ba shi da wani suna da ya kama bakin jama'a kamar yadda juya ya kama, kuma tun daga nan ana iya gane a kan wa kayan suke sauka.

Nauyin da haihuwa take da shi a wannan yanki yana da tushe a rayuwar noma. Fadamun Rima da Bunsuru da Gagare da tudun gero da ke kewaye da su hannu suke so, gandu kuma da 'ya'ya yake tsayawa. Masu iya magana sun ce haihuwa maganin mutuwa, ma'ana wanda ya bar baya sunansa bai ɓace ba. Ƙididdigar zamani ma haka ta nuna: binciken lafiyar jama'a na Najeriya na 2018 ya sa matsakaicin haihuwar mace a Jihar Sakkwato a kan 'ya'ya bakwai, na Jamhuriyar Nijar na 2012 kuma ya sa na jihar Maradi sama da takwas. Inda kowace maƙwabciya take da goyo da ciki da na yaye, wadda ba ta da ko ɗaya ba ta da wurin ɓuya. Kowane suna da za a yi a unguwa sai ta je barka, ta kai gudunmawa, ta dawo ɗakinta.

Akwai kuma lissafin tsufa, wanda ya fi gorin kishiya hana barci. A rabon gado na Musulunci matar mamaci tana samun rubu'i idan mijin bai bar ɗa ba, tumuni idan ya bari, kuma idan matan suna da yawa wannan kason suke rabawa. Mata huɗu su raba tumuni, kowace ta tashi da kashi ɗaya cikin 32. Masu 'ya'ya suna ci gaba da zama a gidan a inuwar 'ya'yansu, suna ci daga gonakin da suka faɗo musu. Juya kuwa idan ta gama takabarta ta wata huɗu da kwana goma, galibi sai ta tattara kwanukanta ta koma gidan wani wa ko ƙane, ta zama baƙuwa a wurin matarsa. Mace tana hango wannan rana tun tana da shekara talatin.

Hausar da can ba ta da kalma guda da ta tattara abin da likitocin ƙwaƙwalwa suke kira ciwon damuwa a yau. Hauka shi ne na mai yaga tufafi da jifa da duwatsu, wanda ake sa wa mari ko turu. Abin da bai kai nan ba sai a ce ɓacin rai, ko baƙin ciki, ko tunani ya yi mata yawa, ko ciwon zuciya. Idan ya haɗa da firgita da munanan mafarkai da faɗuwa, sai a ce iska ta taɓa ta. Kunya kuma ta rufe sauran ƙofar. Al'adar da ta hana mace ambaton sunan ɗanta na fari ba za ta sake mata baki ta yi kukan rashin ɗa a bainar jama'a ba. Saboda haka ɓacin ran yakan fito ta jiki: ciwon kai da ba ya jin magani, zafin ƙirji, rama, wani abu mai yawo a ciki. Kusan duk tarihin maganin rashin haihuwa a Gobir tarihin masu fassara wannan yaren jiki ne.

Masu fassara na farko da tarihi ya adana su ne 'yan bori. A zamanin da Alƙalawa take babban birnin Gobir, a rabi na biyu na ƙarni na 18, bori yana da kujera a fada. Shugabarsa ita ce Inna, mace daga gidan sarauta wadda ake naɗawa kamar yadda ake naɗa hakimi, tana da gidanta da fadawanta, kuma ƙararrakin mata da yawa a wurinta suke ƙarewa. Takwararta a Maradi ita ce Iya. Sunan Inna ya yi daidai da na babbar iskar nan Inna ko Doguwa, wadda ake jin tsoro ana kuma roƙo, har cutar da ke shanye ƙafafun yara ta samo sunanta na shan inna daga gare ta. A fahimtar masu wannan al'ada iska tana iya ɗaure mahaifa, ko ta sha cikin, ko ta riƙa ɗauke jarirai, musamman idan iskar gado ce da aka yi watsi da ita.

Maganin shi ne girka. Ana killace mai larurar kwanaki a gidan uwar girka, ana ba ta saiwoyi da turare da wanka, masu garaya ko goge suna kiran iskoki ɗaya bayan ɗaya har wadda ke kanta ta bayyana, a san abin da take so. Daga nan ba a neman korar ta, sai dai a shirya zama da ita. Jacqueline Monfouga-Nicolas, Bafaranshiyar da ta zauna da 'yan borin kwarin Maradi ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna cewa matsalolin haihuwa da mutuwar 'ya'ya suna cikin manyan abubuwan da ke kai mata girka. Ba garaya ce za ta buɗe toshewar hanyar ƙwai ba, wannan a fili yake. Amma abin da macen take fita da shi ba ƙarami ba ne. Laifin ya tashi daga kanta ya koma kan iska. Miji da danginsa dole su kashe kuɗi saboda ita, su saurari buƙatunta ta bakin da ba a iya yi wa tsawa. Ta sami uwa da ƙawaye da wurin zuwa, wata ma ta zama uwar girka mai 'ya'yan bori bila adadin, ita da ba ta taɓa goya nata ba.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya girgiza wannan tsari. Shehu ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Gobir kafin hijirarsa daga Degel zuwa Gudu a 1804, kuma cikin abubuwan da ya yaƙa har da yanka wa itatuwa da duwatsu da neman biyan buƙata wajen iskoki. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka ci gaba da gwagwarmaya har aka yi yaƙin Gawakuke a 1836, bayansa suka kafa Tsibiri, can daga baya kuma wani daga cikinsu, Ɗan Halima, ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Isa ta tsaya a matsayin ribaɗi a ɓangaren Sakkwato, mai sarautarta yana riƙe da laƙabin Sarkin Gobir. Sarautar Inna ba ta mutu ba, ta bi Gobirawa duk inda suka kafa fada. Isa da Sabon Birni, garuruwa biyu maƙwabtan juna, suka zama iyaka tsakanin hanyoyin fahimta biyu, mata kuwa ba su taɓa ɗaukar iyakar da muhimmanci ba, inda duk aka ce akwai magani nan suke nufa.

Jagororin jihadi sun gane cewa hani kaɗai ba zai raba mace mai ciwon rai da gidan bori ba sai an ba ta madadi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tattara surori da addu'o'in neman waraka a littafinta Tabshirul Ikhwan na 1839, sannan ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda dattijuwa mai laƙabin jaji take jagorantar matan ƙauye su zo ɗaukar karatu su koma su koyar. Asma'u tana naɗa jaji da malfa, irin alamar da aka san Innar Gobir da ita. Hikimar a bayyane take: alamar da mata suka saba girmamawa ta zauna, abin da ke ƙarƙashinta ya sauya.

A hannun malamai rashin haihuwa ya sami wata fassara. Suratu Shura ta bayyana cewa Allah ne mai ba wanda ya so 'ya'ya mata, ya ba wanda ya so maza, ya bar wanda ya so ba haihuwa, kuma hukuncin ya haɗa namiji da mace. Ana tuna wa mai larurar labarin Annabi Zakariyya da na Saratu matar Annabi Ibrahim, waɗanda suka samu bayan tsufa, da Nana A'isha wadda ba ta haihu ba amma aka yi mata alkunya da Ummu Abdullahi saboda ɗan 'yar'uwarta, darajarta kuma ba ta ragu ba. Sai rubutun sha da laya da sadaka da saukar Alƙur'ani. Wannan ta'aziyya ce mai ƙarfi, ta tsare rayuka da yawa daga yanke ƙauna. Rauninta shi ne kalmar haƙuri tana da baki biyu. A bakin mai tausayi magani ce, a bakin uwar miji kuwa umarni ne na a yi shiru.

Fiƙihun Malikiyya da alƙalan yankin suke hukunci da shi bai sa rashin haihuwa cikin aibobin da ke warware aure kai tsaye ba. Mijin da ya kasa kusantar iyalinsa ana ba shi wa'adin shekara guda, amma wanda yake iyawa bai haihu ba babu abin kama shi. Namiji yana da hanyar gwada kansa cikin mutunci, wato ya ƙara aure. Mace kuwa sai ta fita, ta hanyar saki ko khul'i, ta gwada wani gidan. Yawan aure-auren da ake zargin wasu mata da shi sau da yawa neman ɗa ne. Ba a rasa labarin wadda aka saka da sunan juya ta je ta cika wani gida da 'ya'ya, tsohon mijin kuma ya jera mata uku shiru.

Gida ma yana da nasa dabarun rage zafi. Babbar cikinsu ita ce riƙo. Ɗa na kowa ne, in ji Hausawa, saboda haka 'yar'uwa ko ɗan'uwa yakan ɗauki yaro da zarar an yaye shi ya ba wadda ba ta da shi, ta raine shi ta yi masa aure. Sanannen misali a rubuce shi ne na Baba ta Karo, Bahaushiyar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a 1949 zuwa 1950, aka buga a 1954. Ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi, ta tsufa tana mai faɗa a ji cikin mata. Sai dai ɗan riƙo ba ya gadon mai riƙonsa sai ta hanyar kyauta ko wasiyya, kuma ranar da aka yi saɓani ana iya zuwa a karɓe shi. Mai wabi ita ma tana da nata: sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Abarshi da Barmani, waɗanda ake raɗa wa jariri don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Wanda aka samu bayan dogon jira kuma shi ne Kyauta. Kowane ɗaya daga sunayen nan tarihin fargabar wata uwa ne da yaro zai yi ta yawo da shi har tsufansa.

Babu inda jiki da rai suka cakuɗe kamar a batun kwantacce. An yi imani cewa ciki yana iya kwanciya ya daina girma, ya yi wata da watanni ko shekaru kafin ya tashi. Malaman Malikiyya sun yarda da tsawaitar ciki har shekara huɗu ko biyar, kuma wannan yana cikin hujjojin da aka gabatar a shari'ar da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Katsina ta yanke a 2003, inda aka wanke wata bazawara da aka tuhuma da zina. A tsakar gida amfaninsa daban ne. Mai kwantacce ba juya ba ce, mai ciki ce da take jira, don haka gori ya ragu, saki ya jinkirta. Ilimin likitanci bai tabbatar da kwanciyar ciki ba. Abin da hoton ciki yake nunawa a irin wannan hali yakan zama ƙari a mahaifa, ko cikin da ya lalace bai fita ba, ko ɗaukewar al'ada, ko kuma cikin ƙarya, inda tsananin bege da fargaba suke taɓa sinadaran jiki har haila ta tsaya, ciki ya kumbura, nono ya kawo ruwa, macen ta rantse tana jin motsi. Ba ƙarya take yi ba, kuma larurar ba ta Hausawa kaɗai ba ce: Sarauniya Mary ta Ingila ta shirya haihuwa a 1555 babu komai a cikin. Ma'aikacin asibitin da ya gaya wa irin wannan mace a gaban layi cewa cikinta wayam yake, ya faɗi gaskiya, amma ya rushe katangar da ta yi shekaru tana fakewa a bayanta bai ba ta wata ba.

Zuwan Turawa bai kawo wa wannan ɓangare wani sauƙi da wuri ba. Sakkwato ta faɗa hannun Ingilishi a watan Maris na 1903, aka ja iyakar da ta bar Isa da Sabon Birni a Najeriya, Tsibiri da Maradi a hannun Faransa. Gidajen mahaukata na farko a Kalaba da Yaba ta Legas aka buɗe su, dokar mahaukata ta 1916 kuma tsarewa ta sa a gaba. A Arewa wanda haukarsa ta gagari dangi gidan yarin En'e ake kai shi. Mace mai kuka a ɗaka ba ta cikin lissafin kowa. Ko gyaran da Dokta Adeoye Lambo ya fara a Aro ta Abekuta a 1954, inda majinyata suke zama a ƙauye tare da danginsu, ya yi wa gulbin Rima nisa ƙwarai.

Abin da asibiti ya kawo a hankali shi ne sanin sanadi. An gane cewa a wannan yanki na Afirka babban abin da ke tsayar da haihuwa shi ne toshewar hanyoyin ƙwai, sakamakon ciwon sanyi da ba a yi maganinsa ba, ko ƙwayoyin cuta da suka shiga bayan ɓari ko haihuwa a wuri marar tsabta. Tsargiya, wadda ba baƙuwa ba ce a bakin fadama, tana iya taɓa mahaifa. Doguwar naƙuda takan bar yarinya da gawar jariri da yoyon fitsari, wani lokaci da rashin sake ɗaukar ciki, wato asara uku a dare ɗaya. Yankan gishiri, wanda ungozoma ko wanzami suke yi da sunan buɗe hanya har ga mai neman haihuwa, shi kansa yana jawo yoyon. A ɓangaren maza akwai sanyi, da hangum idan ya sauka maraina bayan balaga, da ƙarancin ƙwayoyin maniyyi ga mutumin da lafiyarsa ƙalau a shimfiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran abu rashin haihuwa idan ma'aurata sun yi wata 12 suna tare ba ciki, kuma rahotonta na 2023 ya ce larurar tana samun kusan mutum ɗaya cikin shida a tsawon rayuwa, ƙasashen masu kuɗi da na talakawa kusan daidai.

Game da alaƙar larurar da lafiyar ƙwaƙwalwa, bincike ya fi ƙarfi ta fuska ɗaya: rashin haihuwa yana haifar da damuwa da fargaba. Wani nazari da Alice Domar da abokan aikinta suka buga a Amurka a 1993 ya sami matan da ke neman haihuwa da nauyin damuwa kwatankwacin na masu ciwon daji da ciwon zuciya. Ɗaya fuskar, wato cewa tunani ne yake hana ciki, ba ta da ƙarfi kamar yadda ake zato. Wani nazari da ya tattara bincike da dama, wanda ya fito a mujallar likitocin Birtaniya a 2011, bai ga damuwar mace ta rage mata damar samun ciki a aikin haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji ba. Don haka shawarar nan ta a kwantar da hankali ciki zai zo, duk da kyakkyawar niyyar mai ba da ita, ƙarin laifi ce ake ɗora wa wadda ba ta da laifi. Akwai kuma wani tarko da ba kowa ya sani ba. Wasu magungunan taɓin hankali, irin su halofaridol da risfaridon, suna ɗaga sinadarin da ke kawo ruwan nono, haila ta rikice ko ta ɗauke. Matar da aka kai asibiti saboda baƙin cikin rashin ɗa tana iya dawowa da maganin da zai ƙara jinkirta mata shi, idan likitan bai tambayi abin da ya kawo ta tun asali ba.

Daga ƙarshen ƙarni na 20 bori ya ja baya sosai a fili. Wa'azin Izala da aka kafa a 1978 da dawo da shari'ar Musulunci a Zamfara da Sakkwato a shekarar 2000 sun tura shi cikin ɗaki. Gurbinsa masu ruƙiyya da shagunan maganin Musulunci suka cike, da habbatus sauda da zuma da man zaitun. Bayanin bai yi nisa da na da ba. Abin da kakanni suke kira namijin dare, wato aljanin da ya auri mace yake zuwa mata a mafarki yana ɓata mata ciki, yanzu jinnul ashiƙ ake ce masa. Bambancin shi ne da ana lallashin iska, yanzu korar ta ake yi, kuma bayan an watse babu wata ƙungiyar mata da mai larurar take komawa cikinta.

Asibitin zamani kuwa ya raba macen gida biyu. Mahaifarta tana sashen mata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ranta kuma yana Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, wanda sunansa kaɗai ya isa ya sa dangi su ce 'yarsu ba mahaukaciya ba ce. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi a riƙa duba irin waɗannan larurori tun daga ƙananan asibitoci, amma a Isa da Sabon Birni matsalar 'yan bindiga ta tashi ƙauyuka, ta tura dubban mutane gudun hijira zuwa jihar Maradi tun daga 2019, ta mayar da tafiya Sakkwato abin da sai an yi shahada. Haɗa ƙwai a ɗakin gwaji, wanda aka fara cin nasararsa a Ingila a 1978, ana yin sa a manyan biranen Najeriya a kan miliyoyin naira, kuɗin da manomin gero ba ya ko mafarkinsu.

A cikin duk gwaje-gwajen neman haihuwa, na maniyyi ne ya fi araha da sauƙi, ba allura ba tiyata, kuma ƙa'idar likitoci ita ce a yi shi tun a zuwan farko, kafin a fara wahalar da mace da hotuna da wankin mahaifa. Har yau mafi yawan masu zama a layin asibitin mata su kaɗai suke zuwa, ko da rakiyar uwa ko ya, mijin yana gida.